Tsuntsu Mai Ƙazamin Baki

A garinmu Longtan, in namiji ya ajiye aiki ya fara karɓar fansho, ko dai ya zama ɗan renon jika, ko ya tare a teburin caca, ko kuma ya sayi keji. Ran Degui ba shi da jika a kusa, aljihunsa kuwa a hannun matarsa yake, don haka keji ya saya.

Kafin kejin, a kan titi ya ƙarar da ƙarfinsa. Leburan gyaran hanya ne, cikin mutanen nan masu riga ruwan goro da mota ke fesa wa taɓo a kwanar dutse ta wuce ba ko sannu. Kowace damina dutse ya zubo ya toshe hanya, su kwashe, baɗi ya sake zubowa. Aikin ya mai da shi shiru-shiru, domin a can bisa ba abokin hira sai shebur. Maganar gidan gaba ɗaya, tasa da tata, matarsa Mo Sufen ce ke yi. Awarar shinkafa take sayarwa a gindin matakalar kasuwa, kuma murya gare ta ta ƙin ƙarawa. In ta leƙo taga ta kwaɗa "Tsoho!", duk tsofaffin layin sai sun waiga. Gong mahauci ma cewa yake har na maƙabarta suna gyara kwanciya. 'Ya ɗaya suka haifa, Yan, ita ma tana gama makaranta ta bi sa'o'inta zuwa masana'antun kudu, sai sabuwar shekara ake ganinta.

Tsuntsun da Ran ya saya huwame ne, irin wanda duk dattijon da ya san kansa ke kiwo a nan, ruwan ƙasa, da farin zane kewaye da ido ya ja zuwa baya kamar an ranbaɗa masa farin kwalli. Ya sa masa suna Janar. Sufen ba ta taɓa kiran sunan ba, "ubangidanka" take ce masa. "Tashi mana, ubangidanka na son wanka." "Ni ban ga ƙwai ba yau, amma ubangidanka ya sha gwaiduwa." Tana mita tana kama masa fara a 'yar gonar kabejin da ke bayan gida.

Kullum da sassafe Ran zai lulluɓe kejin da shuɗin ƙyalle, ya rataya fulas ɗin shayi a kafaɗa, ya kama matakalar dutsen da ke hawa Tudun Gabas, inda lambun gari yake. Yana tafe yana lilo da kejin gaba da baya, don tsuntsu ya damƙi sandarsa ƙafafu su yi ƙarfi. Lambun ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙofar siminti ce, sai filin da mata ke rawar motsa jiki da rediyonsu, da ƙarafan lilo da fenti ya daɗe da barinsu, da masu tafiya da baya-baya wai maganin ciwon ƙugu, da wata tsohuwa da ta shekara da shekaru tana buga bayanta a jikin bishiya ɗaya, bishiyar ba ta faɗi ba, ita ma ba ta warke ba. Can gefe, nesa da rediyon matan, akwai manyan itatuwa masu inuwa da aka ɗaura wa waya daga wannan zuwa wancan. Nan ce majalisar masu keji.

Ba a taɓa naɗa wa majalisar shugaba ba, amma kowa ya san Malam Lei Wanshun ne. Tsohon malamin kiɗa ne na firamare, siririn mutum mai goge, da kunnen da ke jin tafiyar tururuwa. Shi ke cewa wane tsuntsu za a rataya kusa da wane, shi ke cewa a buɗe. In an yaye ƙyallaye, tsuntsu ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin ka zuba shayi itatuwan sun ɗauka gaba ɗaya. Tsofaffin kuma su baje a benci su yi ta musu a kan abin da ba zai ƙare su da komai ba. Ran ba ya musu. A ƙarshen benci yake zama, lofe a baki, in an yi abin dariya kafaɗunsa su motsa. Amma fa wannan zaman shi ne duniyarsa. Sai da ya tsufa sannan ya san daɗin zama cikin mutane, kuma a ƙarƙashin itatuwan nan ya sani.

Doka ɗaya ce a majalisar, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Huwame da kunne yake koyon waƙa, duk abin da ya ji ana maimaitawa shi zai ɗauka. In kukan tsuntsayen daji ya ɗauko, madalla, bakinsa mai tsabta ne. In kuwa tarkace ya kwaso, kukan kwaɗo ko ƙarar ƙyaure ko ƙugin babur, to ya zama mai ƙazamin baki, ba za a ƙara rataya shi kusa da na mutane ba, don kafin mako ya zagayo sauran sun kwashe. Wake ɗaya ke ɓata gari. Har surukin Malam Lei an taɓa kora saboda tsuntsunsa ya koyi kukan agwagwa. Janar kuwa bakinsa fes. Malam Lei ya taɓa sauraronsa ya ce, "Ba laifi," kuma a wurin Malam wannan yabo ne babba.

Ana nan sai muryar Sufen ta fara dushewa. Ta ce hayaƙin kwal ne, ta sha zuma, ta sha ganye, abu ya ƙi. Da aka kai ta babban asibitin birni suka ce ciwo ne a maƙogwaro, sai an yanke. Aka yanke, ta dawo gida da ranta, amma muryar a can aka baro ta. Matar da ke tada layi guda ta koma sai ta buga cokali a jikin gado kafin a san tana son ruwa. Ran kuma kunnensa ya yi nauyi tun zamanin fasa dutse, in yana tsakar gida ba ya jin cokali. Ranar da ya shigo ya tarar ta daɗe tana bugawa, hawaye har wuya, sai ya juya ya fita. Ya yanko gora, ya zauna a bakin ƙofa ya fiƙe mata ɗan usur, ya zura jan zare ya rataya mata a wuya.

Ta juya shi a hannu, ta harare shi, irin hararar "ni za ka mayar ɗan sandan kan titi?" Sannan ta busa. Busa biyu ta yi, ba su kai juna tsawo ba, kuma tun daga ranar haka take kiransa. Da usur ɗin take neman ruwa, da shi take faɗa in ya cika wa miya gishiri. Wani lokaci kuma ya shigo da sauri ya tarar ba abin da take so, so take kawai ta ga ya zo.

Ran ya daina hawa tudu. Sanyin shekarar ya yi tsanani, ɗaki ɗaya ne mai murhu a gidan, nan gadon Sufen yake, nan kuma ya rataye kejin don kada sanyi ya kashe Janar. Ya san doka sarai. Ko wanda ya fara kiwo jiya ya san ba a ajiye huwame inda ƙara ɗaya ke maimaituwa safe da yamma. Amma mai dama kunu, mai wanke tsumma, mai juya majiyyaci, ina ya ga hankalin tuna bakin tsuntsu.

Sufen ta ga ƙarshen sanyi, ta ga an dasa shinkafa a kwari, sannan rai ya yi halinsa. Da za a rufe akwati, Yan ta kai hannu za ta cire jan zaren, Ran ya riƙe hannunta.

"Bar mata. In tana son wani abu a can, da me za ta yi kira?"

Aka binne ta da shi a wuya. Bayan an watse Yan ta tasa shi gaba.

"Baba, ka tattara mu tafi tare. Wa zai dafa maka a nan?"

"Wa ya dafa mana duk watannin nan?"

"To wa za ka yi wa magana?"

"Da ma ni ina magana ne?"

Ta yi kukanta, ta cika masa tulu da shinkafa, motar safe ta tafi da ita.

Kwanaki kaɗan bayan tafiyarta, yana tsugune a tsakar gida yana wanke kwanonsa guda ɗaya, sai ya ji usur. Busa biyu, daga ɗaki. Bai san lokacin da ya saki kwanon ba. Ya faɗa ɗakin hannu duk kumfa, ya tarar da shimfiɗa a naɗe, taga a buɗe, Janar a kan sandarsa yana karkata kai. Tsuntsun ya kumbura wuya ya ɗauki waƙarsa ta kullum, da ya kai tsakiya sai ya saka usur ɗin Sufen a ciki, daidai yadda take yi, har da 'yar rawar numfashin. Ran ya zauna a bakin gado. Bai yi kuka a asibiti ba, bai yi a maƙabarta ba, ranar ya yi, kukan tsoho marar kyan ji, kumfar na bushewa a hannunsa.

Da kwanakin makoki suka cika, gidan ya yi masa faɗi. Ya lulluɓe keji ya kama matakala. Ya san abin da ke bakin tsuntsunsa, amma ya yi ta lallashin kansa a hanya cewa in Janar ya ji 'yan'uwansa zai shagala ya bi waƙarsu.

"Kai, kai, kai! Wa nake gani haka?" Gong mahauci ya taso da tumbinsa. "Tsoho Ran! Mu mun ɗauka ka soye tsuntsun ka cinye. Dubi yadda ka koma, ƙashin da nake jefa wa kare ya fi ka tsoka."

"Kai dai ba ka rame ba," in ji Ran.

"Jama'a ku shaida, ya yi magana! Ku kwashe shanya, yau akwai ruwa."

Malam Lei ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu. "Sannu da haƙuri, Ɗan'uwa Ran. Wurinka na nan, ba wanda ya zauna." Ya nuna masa ƙugiyarsa a jikin waya. Wani ya matsa masa, wani ya miƙo taba.

Aka yaye ƙyallaye. Janar ya girgiza, ya saurara, ya shiga waƙar da ƙarfinsa, irin na wanda aka daɗe da kullewa. Tsofaffi suka fara gyaɗa kai. Sai kuma ga shi, tsakiyar waƙa, busa biyu.

"Ku rufe! Ku rufe!"

Mutanen da ke kukan gwiwa tun safe suka yi tsalle kamar samari. Fulas ya kife, dara ta watse, kafin ka ce kwabo kowane keji ya sha ƙyalle. Na Ran kaɗai ya rage a buɗe, Janar na ta waƙarsa shi ɗaya, bai san ya yi laifi ba.

Malam Lei ya gyara tabarau. "Ɗan'uwa Ran, bakin tsuntsunka ya ƙazantu."

"Usur ɗin tsohuwata ne."

Daga can nesa rediyon mata na ta kiɗansa.

"Na sani," in ji Malam Lei a hankali. "Na ji ta busa shi ranar da na je dubiya. Amma tsuntsayenmu ba su san ta ba. Su ƙara kawai za su ji su kwashe."

"Haba Malam," in ji Gong. "Mutum ya binne matarsa jiya-jiya, a ce..."

"To rataya naka kusa da nasa."

Gong ya dubi kejinsa, ya sosa ƙeya. Kowa ya san ya fi son tsuntsun nan a kan 'ya'yan cikinsa.

"Abin yana da magani," Malam Lei ya ci gaba. "Kawo shi gidana, in sa shi a ɗaki mai duhu kusa da tsohon tsuntsuna, ba abin da zai ji sai waƙa mai tsabta. Kafin kaka bakinsa ya wanku, ka dawo wurinka. In hakan bai yi maka ba, ka sake shi a daji, ni da kaina zan zaɓa maka sabo."

"In ya wanku, usur ɗin fa?"

"Ai shi za a wanke, Ɗan'uwa."

Ran ya sauke kejinsa, ya lulluɓe, ya ɗauki fulas. Ba wanda ya kore shi da baki, ba kuma wanda ya ce ya tsaya. Gong ne kawai ya ɗaga murya a bayansa, "Ka riƙa zuwa ba keji mana, ka sha shayi!"

Ya gwada hakan sau ɗaya. Ya bar Janar a gida, ya hau tudu hannu na dukan cinya, ya zauna a ƙarshen bencinsa. An yi masa maraba, an zuba masa shayi. Amma tunda ya zauna abu ɗaya ke ransa, cewa yanzu haka usur na tashi a ɗakin can ba mai ji, kamar ranar cokali. Bai shanye shayin ba ya miƙe, ya gangara har yana tuntuɓe. Bai sake barin tsuntsun shi kaɗai ba.

A can ƙololuwar lambun akwai wata tsohuwar rumfa mai jan rufi, wadda matakalarta ta yi tsayin da tsofaffi ba sa kai mata. Daga nan kukan tsuntsu ba ya isa majalisa. Nan Ran ya koma. Kullum zai wuce ta bayan filin rawa don kada ya ratsa ta gabansu, ya hau yana hutawa, ya rataya kejin a jikin ginshiƙi, ya yaye ƙyalle, ya zauna jira. Wata rana Janar ya yi usur ɗin sau ɗaya, wata rana ya yi ta yi, wata rana kuma sai rana ta take kafin ya tuna. Duk sanda ya yi, Ran zai cire lofe daga baki ya riƙe har ƙarar ta wuce.

Daga rumfar ana hango komai. Ga rufin gidajen gari a tsube a kwari, ga kogi, ga titin da ya ci ƙarfinsa yana naɗe duwatsu yana ɓacewa cikin gajimare. In ya sunkuya kuma ga majalisa can ƙasa, kawunan tsofaffi ƙanana a inuwa. In iska ta juyo takan kawo masa dariyar Gong, ba tare da abin da ya jawo dariyar ba. Nan ne abin ke cin sa. Yakan tsinci kansa yana ƙoƙarin cankar wa aka tsokana, har kafaɗunsa su fara motsi, sai ya tuna shi kaɗai ne. Kewar matarsa daban, kewar bencin nan daban, kuma kunyar ta biyun yake ji, kamar cin amanar ta farkon ce.

Mutane kan hau rumfar jefi-jefi. Saurayi da budurwa su zo, su gan shi, su juya. Mai shara ta zo ta share ƙarƙashin ƙafarsa ba ta ɗago ba. Gong ya hau 'yan lokuta ba keji, yana haki kamar zai shiɗe, da fara a cikin kwalba. "Kai da wannan tsuntsun ku za ku kashe ni. In na faɗi a nan wa zai iya ɗaukata?" Ya zauna ya kwashe labaran majalisa ya zazzage masa, wa ya yi sabon haƙori, wa matarsa ta kama da kwalbar giya a cikin takalmi. Amma gwiwa ba ta san abota ba. Zuwan ya ja baya, ya koma ɗaga hannu daga ƙasa, daga baya ɗaga hannun ma sai in an tuna.

Yan kan bugo waya ranar hutunta. "Baba, kana zuwa lambu?"

"Kullum."

"Su Kawu Gong suna lafiya?"

"Ina ganinsu."

Bai yi ƙarya ba, ganinsu yake yi.

Wata ranar ruwa, bayan ya yi wuni uku bai furta kalma ga ɗan Adam ba, ya ɗauki kejin ya nufi gidan Malam Lei. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Ya tsaya a ƙofar, laima a hannu ɗaya, keji a ɗaya, yana jin gogen Malam daga ciki. Matar Malam ta buɗe za ta zubar da ruwa ta gan shi.

"A'a, Yaya Ran! Shigo mana, ka tsaya cikin ruwa. Malam! Ga..."

"Wucewa nake yi," in ji shi. Layin kuwa ba ya ɓullewa ko'ina, ita ma ta sani. Ya juya ya koma gida, ya shanya ƙyallen kejin a bakin murhu.

Ni dai ban ga laifin Malam Lei ba, doka ce ya tarar, kuma da ya sassauta da tuni itatuwan nan sun cika da kukan agwagwa. Ban kuma ga na Ran ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da kaka ta shigo Janar ya fara zubar da gashi. Haka huwame ke yi kowace shekara, ya yi buzu-buzu, ya takure, ya ɗauke waƙa gaba ɗaya har sai sabon gashi ya fito. Ran ya san haka, amma bana shirun ya tsorata shi. Ya dafa ƙwai, ya bi ciyawa yana kamun fara yana nishi, ya ci gaba da hawa rumfa da tsuntsun da ba ya cewa uffan. Su biyu su zauna, hazon dutse ya taso ya rufe garin, ya rufe majalisa, ya bar su da ginshiƙai.

Cikin kwanakin ne ya yanko gora ya fiƙe wani usur. Ya tafi bakin kogi, nesa da kunnen Janar, ya busa. Ba shi ba ne. Ya rage tsawon, ya ƙara faɗin ramin, ya sake fiƙe wani, duk ba su ba ne. Ko da ƙarar ta yi kusa, numfashin nasa ne, na ƙato mai huhu biyu lafiyayyu. Ya ji tsoron in ya busa wa tsuntsun wannan, zai ɗora ƙarya a kan gaskiya. Ya tattara su ya zuba a murhu.

Sanyi na fara shigowa Janar ya yi sabon gashi, sumul, farin zanen idonsa ya fito tas. Wata safiya a rumfa ya girgiza ya ɓarke da waƙa, mai ƙarfi, mai tsawo, wadda ta fi ta da. Ran ya cire lofe ya riƙe. Waƙar ta zo tsakiya, ta wuce ba usur, ta kai ƙarshe. Tsuntsun ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake wucewa. Ran ya ce gobe. Gobe ta zo ya ce jibi. Ya daina zuwa kasuwa don kada a yi ba ya nan, ya dawo da kejin kusa da matashinsa, ya yi ta jira har lofen ya daina yi masa daɗi.

Mai sharar ce ta kai labari ƙasa, wai tsuntsun tsohon nan na sama ya dawo da waƙa kamar sarewa. Washegari sai ga Malam Lei da kansa a matakalar rumfa, yana dogara sanda, ba keji. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sandar, ya lumshe ido. Sai da rana ta kori hazo sannan ya buɗe.

"Ya wanku," in ji shi. "Tas. Me ka yi masa?"

"Ban yi masa komai ba."

"To sake gashi ne. Sukan zubar da abin da suka daina ji, tare da tsohon gashin." Ya miƙe yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. "Ɗauko shi, Ɗan'uwa Ran. Zaman saman nan ya isa haka."

Ran ya ɗauko. Me zai zauna tsaro kuma?

Majalisa ta karɓe shi da sowa. Gong ya rungume shi har ƙafarsa ta bar ƙasa. "Ɗan gudun hijira ya dawo! Ku ba shi wuri, ya saba da iskar sama, kada warinmu ya kayar da shi." Aka rataya Janar a tsakiya, wurin girmamawa, aka yaye ƙyallaye. Ya kuwa yi abin kai, ya danne kowane tsuntsu a wayar, tsofaffi na ta kai, kai, kai. Ran ya zauna a ƙarshen bencinsa, kafaɗar wani na gogar tasa, shayi mai zafi a hannu. Ya ji daɗin ɗumin mutane, ba zai ce bai ji ba.

Sai ya ce bari ya busa abin a cikin ransa, shi kaɗai, tunda yanzu nan ne kawai ya rage. Ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa. Busa biyu ne, wannan ya tabbata, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Amma wacce ke gaba? Ya juya su haka, ya juya su haka, kowanne ya yi kama da daidai. Ya matsa kusa da Malam Lei, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, kai kunnenka ba ya mantuwa. Usur ɗin nan. Doguwar ce farko, ko gajerar?"

Malam Lei ya dube shi, ya dubi kejunan da ke jere a buɗe. "A nan? Ka yi hankali mana."

Ran ya koma wurinsa. Bai ƙara jin waƙar kowa ba har aka tashi.

Da suka fito ƙofar lambu, Malam Lei ya miƙa wa Gong kejinsa. "Riƙe wannan. Karɓi na Ɗan'uwa Ran ma. Yi gaba, ka yi nisa sosai."

"Ni jakinku ne? Keji uku, hannu biyu?" Gong ya dubi fuskar Malam, ya dubi ta Ran. Ya rataya ɗaya a sanda ya gangara yana gunaguni.

Suka tsaya har ya sha kwana. Matan rawa suka wuce su da rediyonsu a kashe, suna hirar tsadar barkono. Malam Lei ya jingine sandarsa a jikin ƙofa, ya lashi leɓe, ya yi fito. Gajerar ce farko, mai kaifi, irin ta mai cewa kai, sannan doguwar ta biyo, tana rawa, ta yanke a inda numfashi ke ƙarewa.

Ran ya dafa ginshiƙin ƙofar. Shi tun da tsuntsun ya yi shiru doguwar yake sawa a gaba. Ashe ko shi bai riƙe ta daidai ba.

"Sake," in ji shi.

Malam Lei ya sake.

"Sake, Malam. A hankali. Kaina ba ya riƙe abu yanzu."